Gosulon Legas: gada uku da jirgin da aka soke

1/ Jama'a, duk sanda aka ce faɗaɗa titi ne maganin cunkoso, ni Legas nake tunawa. Ku biyo ni.

2/ Tun 1901 gadar Carter ke haɗa tsibirin Legas da sauran gari. Da kuɗin fetur ya shigo, motoci suka yi yawa, sai aka buɗe gadar Eko a 1975. Gosulo bai tafi ba.

3/ A 1977 aka kafa doka: motar da lambarta ta ƙare da mara ta bi manyan tituna yau, mai cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu, dokar ta tashi a banza.

4/ A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta soke shi.

5/ A 1990 Babangida ya buɗe gadar Third Mainland, kilomita 11.8. Yau ita ma cushewa take safe da yamma.

6/ Me ya sa? In titi ya yi sauƙi, mutane sukan tare can bayan gari, su sayi mota, titin ya sake cika.

7/ Motocin BRT masu layinsu daban sun fara a 2008. Jirgin Blue Line, Marina zuwa Mile 2, sai 2023. Shekara 40 fa bayan yunƙurin Jakande!

8/ Don haka in ɗan takara ya yi mana alƙawarin gada, mu tambaye shi: ina bas, ina jirgi?