Robert Edwards da maganin rashin haihuwa

Mai karatu, wataƙila ka san gidan da aka yi shekaru da aure ba a yi suna ba. Sau da yawa mace ake ɗora wa laifi. Aikin wani masani ɗan ƙasar Ingila, Robert Edwards, ya nuna cewa rashin haihuwa matsala ce ta jiki wadda ake bincikawa, kuma ake yi wa magani.

An haifi Edwards a 1925. A jami'ar Kambirij ya yi shekaru yana nazarin yadda ƙwan mace yake nuna, da lokacin da yake iya haɗuwa da maniyyin namiji.

Ga matsalar da ya sa a gaba. Ƙwai yana fitowa ya bi wata ƴar hanya zuwa mahaifa. A cikin wannan hanya yake gamuwa da maniyyi. In hanyar ta toshe, ciki ba ya shiga. Sai Edwards ya yi tunanin a haɗa su a wajen jiki, sa'an nan a mayar da abin da ya haɗu cikin mahaifa.

A 1969 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa sun haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin bincike. Likita Patrick Steptoe ne yake ciro ƙwai, Jean Purdy kuma take kula da shi. An zarge su, a 1971 an hana su kuɗin bincike, gwajinsu ya yi ta faɗuwa. Ranar 25 ga Yuli 1978, a garin Oldam, aka haifi Louise Brown. Iyayenta sun yi shekara 9 suna neman haihuwa, domin hanyoyin ƙwan uwarta a toshe suke.

A 1980 suka buɗe asibitin Bourn Hall, inda likitocin ƙasashe da yawa suka koyi aikin. Edwards ya sami kyautar Nobel a 2010, ya rasu a 2013. Yaran da aka haifa ta wannan hanya sun wuce miliyan 10.

Amma ka sani, wannan magani yana da tsada, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ba kowa ne yake bukatarsa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa. Matsalar tana iya zama daga miji, ko daga mata, ko daga su biyun.

In kun shekara da aure ba ciki, ku je gidan likita tare, a auna kowa. Ku yi maganin ciwon sanyi da wuri, ku biyu, domin yana toshe hanyar ƙwai.