Wane Ne Malamin Karatu? Tarihin Wata Matsala a Makarantun Sakandare na Ƙasar Dutse

Kafin zuwan Turawa a 1903 akwai masu karatu a Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano. Yaro ya kan fara da allo, in ya sauke sai ya shiga makarantar ilimi a zaure, ya ɗauki Ahalari, sa'an nan Ishmawi da Iziyya, har ya kai Risala. Abin lura a nan shi ne yadda ake biyawa. Almajiri ya karanta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma kalma, ya gyara masa wasali, ya warware masa hukunci, duk a zama guda. Watau malamin fiƙihu shi ne malamin harshe, ba a raba su ba. Amma kada mu cika yabo: zaure ya koyar da karatu ƙwarai, ƙaga magana a rubuce kuwa sai wanda ya yi zurfi.

Boko ma da farko bai yi nisa da wannan hanya ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta koyar, haka kuma makarantun elementare na En'e da suka biyo baya. Lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, duka da Hausa. Har East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah don yara su karanta labarin halitta da harshensu. Yaron da ya fito daga gundumar Dutse ba ya gamuwa da Ingilishi sosai sai in ya sami shiga Midil a Kano, su kuwa ƙalilan ne, zaɓaɓɓu.

To, sakandare ita ta raba aikin. Kowane fanni da malaminsa, da littafinsa na Ingilishi, da ƙararrawar da ke sallamarsa. Malamin kimiyya ya cika allo, yara su kwafa, ya fita. In aka tarar yaro ba ya gane abin da ya kwafa, sai a ce laifin malamin Ingilishi ne. Muddin yaran kaɗan ne, kuma suna kwana a makaranta irin ta Birnin Kudu, inda Ingilishi ke shiga kunnensu dare da rana, ɓarakar ba ta fito fili ba. Ta fito ne bayan shirin ilimin firamare na kowa da kowa na 1976, sa'ad da azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida, daga baya a koma Ingilishi, amma ba ta ɗora wa malamin sakandare nauyin ƙarasa wannan ƙetarawa ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita cikin ƙauyuka, matsalar kuwa ta bi su.

Abin mamaki, Ingila kanta ta yi wannan kuka. Rahoton Bullock na 1975 ya nemi kowace sakandare ta tsara yadda malaman dukan fannoni za su kula da harshe, alhali kuwa yaransu da harshen uwa suke karatu. Ina ga ɗan Jahun ko Gwaram, wanda ke koyon harshen da fannin a lokaci guda?

A ganina, fassarar da malamanmu ke yi a aji, suna ɓoyewa kamar abin kunya, ita ce gādon zaure da ya saura. Aibinta ɗaya: ta tsaya a baki. Malam ya bayyana darasi da Hausa, yaro ya gane sarai, amma ba a sa shi ya rubuta abin da ya gane da kalmominsa, ko da Hausa ko da Ingilishi. Ran jarrabawa kuwa rubutu ake nema, kuma jami'a, har da ta Tarayya da aka kafa a Dutse a 2011, ba ta karɓar wanda bai ci Ingilishi ba.