Malam-Buɗe-Littafi a Kiɗan Ɗaki na Turai

Kiɗan ɗaki shi ne wanda makaɗa kaɗan ke yi a ƙaramin zaure, ba tare da madugu ba, kuma malam-buɗe-littafi ya daɗe yana shawagi a cikinsa. Abin da ya sauya cikin ƙarni uku shi ne abin da ake nufi da ƙwaron. Da fari saurin fiffikensa aka gani. François Couperin na Faransa ya sa sunansa a wani gajeren kiɗa cikin littafinsa na 1713, kuma ko da Edvard Grieg na Norwe ya yi nasa a 1886, wasan na saurin yatsu ne a kan fiyano. Robert Schumann ne ya ɗan karkata akalar. Jerin gajerun kiɗa 12 da ya fitar a 1831 da sunan Papillons, wato malam-buɗe-littafi, ya samo asali ne daga rawar rufe fuska da ke ƙarshen wani littafin marubuci Jean Paul, kuma ya zo jim kaɗan bayan Schumann ya watsar da karatun shari'a ya rungumi kiɗa. Na fiyano ne kaɗai, don haka masu tsantseni ba sa lissafa shi a kiɗan ɗaki, amma daga nan ƙwaron ya fara ɗaukar ma'anar sauya kama.

Masu suka na cewa sunan talla ne kawai, tunda sauti ba ya zana ƙwaro. Suna da hujja. Kiɗan selo da fiyano na Gabriel Fauré, wanda aka buga a 1898, kamfanin ɗab'i na Hamelle ne ya nace a kira shi Papillon, Fauré kuwa bai so ba. Sai dai hujjar ba ta kai ga ayyukan baya-bayan nan. Waƙar malam-buɗe-littafi da Pavel Friedmann ya rubuta a 1942 a sansanin Theresienstadt, kafin 'yan Nazi su kashe shi a Auschwitz a 1944, ba ta buƙatar ɗan talla. Lori Laitman ta Amurka ta ɗora ta a kan muryar mace ɗaya da kakakin saksofon ɗaya, kuma ƙarancin nan shi ne saƙon: murya ba ta da inda za ta fake.

Mafi ƙarfin shaida ita ce Sept papillons ta Kaija Saariaho 'yar Finlan, gutsattsari bakwai na selo shi kaɗai. Ta rubuta su a 2000, bayan kammala wasan opera nata na farko, makaɗin selo Anssi Karttunen kuma ya fara kaɗa su a Helsinki a wannan shekarar. A nan raunin ƙwaron yana cikin dabarar kanta. Makaɗin yana taɓa tsirkiya sama-sama maimakon ya danne ta, yana jan baka dab da jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyin, sai sautin ya fito siriri yana kaɗuwa, kuskure kaɗan ya tarwatsa shi. Ko an share sunan daga takarda, mai sauraro zai ji abu mai saurin karyewa. Babbar ƙungiya ta makaɗa 80 za ta binne irin wannan sautin, shi ya sa jigon ya fi zama daram a ƙaramin zaure, inda ake jin har gogar gashin baka a kan tsirkiya.