Yadda Shingen Kan Iyaka Ya Samo Asali a Rairayin Arewacin Yobe

Duk shekarar da aka yaye sababbin jami'an shige da fice ko na kwastan a makarantunsu na Kano, tambaya guda iyaye ke yi a Potiskum: ina aka tura yaron? In aka ce Apapa, ko Seme, ko filin jirgin saman Malam Aminu Kano, sai a shiga yi wa juna barka. In kuwa aka ce Machina, ko Tulo-Tulo, ko Kanamma, sai a ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, a koma gefe a fara lissafin wa ya san wa a Abuja. Alhali waɗannan wurare uku duk a cikin Jihar Yobe suke, kuma tsakanin Potiskum da iyakar Nijar bai wuce kimanin kilomita 200 a miƙe ba.

A ƙa'ida sabon jami'i ba ya zaɓar inda zai yi aiki. Hedikwata ce ke tura shi jiha, shugaban jiha kuma ya tura shi shinge. Amma kowa ya san akwai zaɓi ta bayan fage, domin wanda aka tura rairayi bai nemi a canja masa ba, ya zaɓa ke nan. Kafin a ce masa ya yi wauta ko ya yi jarumta, ya kamata a san yadda aka yi layin da zai tsare ya bi ta inda ya bi.

Kafin Turawa, ƙasar da ke arewa da kogin Komadugu Yobe ba gefen duniya ba ce. Birnin Ngazargamu, wanda ya yi wa daular Borno fadar mulki fiye da shekara 300 kafin ya faɗi a 1808, kufansa yana nan kusa da Geidam. Galadiman Borno a Nguru yake zaune yana lura da yamma. Ƙasar Manga da Muniyo kuwa su ne ke ciyar da kasuwannin ƙasar Hausa da gishiri da kanwa, ayarin jakuna da takarkarai da raƙuma suna gangarowa kudu, su koma da hatsi da tufafi. Ana biyan haraji a hanya, ana kai gaisuwa ga sarakuna, amma iko yana bin gari da rijiya da mutane ne. Babu wanda ya taɓa tunanin ya ja layi a kan yashi ya ce nan ƙasa ta ƙare.

Layin ya fara ne a kan tebur. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince cewa iyakar rabonsu za ta tashi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ya yi wa majalisarsu ba'a da cewa abin da aka bar wa Faransa ƙasa ce marar nauyi, wato Sahara. Faransawa suka aiko Monteil ya bi hanyar da ƙafa, ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa, ya dawo musu da labarin cewa an cuce su. Aka sake zama a 1898, aka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka miƙa layin gabas. Wannan ma bai yi ba, don kuwa da Faransa ta kama Damagaram a 1899 sai ta ga ba ta da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa can, balle daga can zuwa Chadi. Duk rijiyoyin kirki sun faɗa hannun Ingila.

A wannan tsakanin layin bai hana kowa komai ba. Bayan an kashe Rabeh, mayaƙin da ya mamaye Borno, a Kusuri a Afrilun 1900, sojojin Faransa suka biyo ɗansa Fadlallah har Gujba, cikin Jihar Yobe ta yau, suka kashe shi a 1901, a ƙasar da takarda ta ce ta Ingila ce. Wannan na daga cikin abin da ya sa Gwamna Lugga ya gaggauta tura soja Borno a 1902.

Maganar ruwa ce ta kawo gyaran ƙarshe. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta janye layin kudu domin Faransa ta sami hanyar ayari mai rijiyoyi, ita kuma Faransa ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can wajen Kanada. Mutum ya tsaya ya yi tunani: makomar ƙauyukan Manga ta rataya a wuyan kifin wani teku da ba su taɓa jin sunansa ba. Aka ƙara tace yarjejeniyar a 1906, sannan daga wannan shekara zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi layin tana kafa turaku. Guda 148 suka kafa a iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, aka sa hannu a 1910. A gabas kogin Komadugu ya ɗauke musu aiki har zuwa tafki. Amma a arewacin Machina da Yusufari da Yunusari babu kogi, babu dutse, sai jigayi da kwarurruka. Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa suka koma Faransa, Nguru da Gashuwa da Geidam suka zauna wa Ingila, dangi ɗaya, harshe ɗaya.

Abin lura shi ne ba a zana layin don a tsare shi ba. An zana shi ne don ayarin sojan Faransa ya sha ruwa. Duk wanda aka tura wurin daga baya, wannan gadon ya tarar.

Turawan Ingila ma ba su wahalar da kansu da tsaronsa ba. Kuɗin kwastan a bakin teku yake. Hukumar tana ƙirga tarihinta ne daga 1891, lokacin da aka naɗa T. A. Wall shugaban kwastan a yankin gaɓar Neja, kuma idonta na kan jiragen ruwa. A Arewa Lugga ya ɗora wa fatake kuɗin fito, aka soke shi a 1907. Lura da masu shiga da fita ya koma wuyan hakimai da dagatai da dogaran En'e, waɗanda suka san kowa da ubansa. A ɗaya ɓangaren Faransa na da sojojinta na raƙuma. Mutane kuma suka koyi amfani da layin: idan aikin tilas da ɗibar soja suka yi tsanani a ƙasar Faransa, sai gari ya tashi ya tsallako kudu. Faransa ba ta soke aikin tilas ba sai 1946. Da Nijar ta bi gwamnatin Vichy a Yaƙin Duniya na Biyu aka ce an rufe iyaka, amma gero da kanwa ba su daina wucewa ba.

A nan Potiskum ta shigo. A 1924 aka dawo da fadar Sarkin Fika garin saboda yana kan babbar hanya, a 1930 kuma jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano. Ciniki ya fara barin raƙumi yana hawa jirgi da mota. Sannu a hankali Potiskum ta zama matattarar manyan motoci, kasuwar shanunta ta Laraba ta shiga sahun mafi girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi da yawa da ake lodawa zuwa kudu daga ƙasar Difa da Chadi suka taso, sun ratso iyaka da ƙafarsu kafin su hau tirela. Garin ba ya kan iyaka, amma da iyaka yake ci. Hanyar Jakusko zuwa Gashuwa ita ce igiyar da ta ɗaure shi da rairayi.

Jami'in shige da fice mai kaki, kamar yadda aka san shi yau, ɗan baya-bayan nan ne. A Agustan 1958 aka cire sashen daga cikin 'yan sanda, a 1963 aka yi masa dokarsa. A 1958 ɗin ne kuma aka yi dokar kwastan da ta yi aiki har 2023. Da aka sami 'yancin kai a 1960, layin Turawa biyu ya zama iyakar ƙasashe biyu, aka fara kafa shinge a manyan mashigai. Sai dai gwamnati na ɗaurewa da hannu ɗaya tana kwancewa da ɗaya. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar mai ofis a Yamai. A 1979 ECOWAS ta yarje wa ɗan kowace ƙasarta ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Shekara huɗu bayan haka gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu. A Afrilun 1984 Janar Buhari ya rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, rufin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Ba a buɗe ba sai 1986.

Wahalar aikin ba ta tsaya ga zafi ba. Babbar tambayar ita ce wane ne baƙo. A 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar tsohuwar Jihar Borno, suka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne. In har za a yi wannan rikici a kan ɗan majalisa, to ina ga makiyayin da aka haifa a Gudumariya, ya yi aure a Yusufari, gonarsa a nan, rijiyar da yake shayarwa a can? Jami'in da ba ya jin Barbarci ko Fulatanci, kuma ba ya gaisawa da bulama, ba shi da hanyar sani. Takarda ba za ta gaya masa ba, don mutumin ba shi da ita.

Da aka ƙirƙiri Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta 1991, shige da fice ta sami ofishin jiha a Damaturu, kwastan kuwa ta ci gaba da haɗa Borno da Yobe ƙarƙashin Maiduguri. Shingayen arewa suka zauna yadda suke, nesa da kowa. Daga Gashuwa a kai Yusufari, daga nan kwalta ta yi sallama, sai mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya san jigawa. Iska tana tura yashi ya binne hanya, ya binne gona, wani lokaci har da gida. Wurin yana da kyau, kada a yi masa ƙarya: kwarurrukan Tulo-Tulo da Bulatura cike suke da dabino da goruba, ga kanwa tana fitowa daga ƙasa. Amma mai yawon buɗe ido yini yake yi ya tafi, jami'i kuwa sai ya nemi inda zai sami ruwan sha, da inda waya ke kamawa, da yadda za a kai shi asibiti in ciwo ya tashi da dare.

Sannan tsoro ya shigo. A Disambar 2003 wasu matasa da aka riƙa kira 'yan Taliban, waɗanda suka kafa sansani kusa da Kanamma, suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Kanamma da Geidam. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: ido ya yi ƙaranci, Nijar kuma taku kaɗan ce. A shekarar ce aka yi dokar hukumar raya garuruwan kan iyaka, amma kafin a ga amfaninta wutar Boko Haram ta kama, Potiskum kanta ta sha hare-hare. A 2013 ministan cikin gida, Abba Moro, ya ce ƙasar na da mashigai 84 na hukuma, da haramtattun hanyoyi fiye da 1,400. A 2021 mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun sake shiga Geidam da Kanamma. Tun daga wancan zamani mai kakin da ke shinge ya daina zama mai duba takarda kawai, ya zama abin hari.

Duk da haka neman aikin bai ragu ba. Ranar 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga shige da fice, aka yi turmutsutsu, mutane suka mutu a Abuja da wasu garuruwa. Aikin ake so, ba rairayin ba. A ganina nan ne tsarin ya karkace. Tun da an ɗauki shingen hamada a matsayin wurin horo, ko rabon wanda ba shi da kowa, to wanda ake turawa can yakan isa ne da lissafin ranar barinsa. Ga shi kuwa aiki ne da ba ya yiwuwa sai da daɗewa, sai ka san wane ɗan bumburutu ne mai neman na tuwo da jarka biyu a kan babur, wane ne kuma ke kai wa 'yan daji mai. Ɗan Potiskum da ya tashi a gefen kasuwar shanu, ya san Manga da Fulani da Shuwa tun yana yaro, ya fi kowa dacewa da wurin. Kaɗan daga cikin irinsa sukan karɓa da son ransu, wasu don kusa da gida, wasu don gudun shingen da ake ƙirga mutum da abin da ya kawo wa oga.

Umarni kuma bai daina sauyawa a kansu ba. A Agustan 2019 aka sake rufe iyakoki saboda shinkafa, aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya fi ƙona mazauna wurin da kansu. Da aka sassauta a Disambar 2020, mashigai huɗu aka fara buɗewa, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu na Yobe ko ɗaya. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa, Shugaba Tinubu ya buɗe a Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar kuma ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan Nijar masu tambarinta, su bar su suna shiga ba biza, har zuwa wani sabon umarni.