Bambancin Harshe da Al'ada Tsakanin Masu Gyaran Magana: Nazari kan Madakiya da Kewayen Kafanchan

Aikin gyaran magana ya ƙunshi gano matsalolin furuci da na fahimtar harshe tare da magance su, kamar in'ina, tsamin baki, jinkirin fara magana ga yara, da ɗaukewar magana bayan shanyewar ɓarin jiki. A Nijeriya, hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Jami'ar Ibadan na cikin wuraren da suka daɗe suna horar da su, da Ingilishi kuwa ake ba da horon, kuma da yawa daga gwaje-gwajen da ake koyarwa an tsara su ne a Amurka da Ingila domin yara masu harshe ɗaya.

Yaron Madakiya ba ya cikin wannan rukuni. Garin na Bajju ne, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, daf da Kafanchan. Yaro kan tashi da Jju, harshen Bajju, a gida, Hausa a kasuwa da coci, Ingilishi a aji. A maƙwabta akwai masu Tyap, Fantswam, Gworok, Hyam da Fulfulde, ga kuma zuriyar Ibo da Yarabawa da mahaɗar jirgin ƙasa ta jawo Kafanchan tun wajen 1927.

A irin wannan wuri, harshen ma'aikaci kayan aiki ne. Jju da Tyap daga dangin Binuwai-Kwango suke, Hausa kuwa daga dangin Cadi, don haka tsarin sautinsu ya sha bamban. Masu Hausar kudancin Kaduna da dama ba sa rarrabe ƙ da k, wasu ma sukan yi amfani da "ya" ga mace. Ma'aikacin da kunnensa ya saba da Hausar Kano kaɗai zai iya ɗaukar wannan a matsayin cuta, alhali karin harshe ne. Akasin haka ya fi muni: yaro mai matsala ta gaske a sallame shi, a ce yawan harsuna ne ya ruɗa shi. Hanyar rarrabewa ita ce a gwada yaron da kowane harshe da yake ji, domin matsalar gaske takan bayyana a dukkansu. Haka lamarin yake ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda mai yiwuwa Jju ta dawo bakinsa kafin Hausa.

Idan ma'aikaci ba ya jin harshen majiyyaci, akan nemi ɗan'uwa ya yi tafinta, amma ɗan'uwa yakan gyara maganar majiyyaci saboda tausayi ko kunya, ya ɓoye kuskuren da ake nema.

Sai batun amana. Rikice-rikicen Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011 sun raba unguwanni bisa addini da ƙabila. Gyaran magana kuwa aiki ne na watanni da ke buƙatar iyaye su riƙa dawowa, su kuma faɗi abin da aka riga aka yi a gida, kamar cire beli wurin wanzami. Uwa ta fi sakin jiki da ma'aikaciyar da ta san gaisuwarta da al'adarta.

Ƙwararrun kaɗan ne, akasarinsu a manyan birane suke, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ma a Kaduna take. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne horar da mataimaka 'yan ƙasa daga kwalejin jinya ta Kafanchan da kwalejin ilimi ta Gidan Waya, a kuma sanya sanin Jju, Tyap, Fulfulde ko maganar hannu cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki da ƙarin girma.