Doki da saniya sun samu likita, kyanwa fa?

Mu 'yan Damagaram mun san darajar dabba. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, doki ne ƙarfin gari, shi ake wa hidima. Daga baya hankali ya koma kan shanu: a 1962 aka fara babbar allurar bushiya a Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru da kuɗin ƙasashen waje, kuma a 2011 duniya ta rabu da ciwon.

Kun ga ke nan, kuɗin magani dabbar kasuwa yake bi. To kyanwar da ke tsare mana rumbu daga ɓera fa? In ta tsufa ta kwanta a zaure, sai "Allah sarki" kawai. Jama'a, ko ruwa da inuwa mu ba ta, ita ma rai ce.