Matimba: Tashar Lantarkin Da Iska Ke Sanyaya Ta

Duk tashar lantarki mai ƙona kwal, aikinta ɗaya ne: a tafasa ruwa, tururinsa ya juya injin, injin ya ba da wuta. Amma tururin nan sai ya huce ya koma ruwa kafin a mayar da shi tukunya, kuma a nan ne ake asarar ruwa. A tsohon tsari, ana kwarara ruwa cikin manyan hasumiyoyi, wani ɓangarensa ya ƙafe ya tafi da zafin. Kowane kilowat na awa guda kan ci kusan lita 2.

Afirka ta Kudu ba ta da ruwan da za ta yi wannan almubazzaranci. Ruwan saman da take samu a shekara, a matsakaici, bai kai milimita 500 ba, kuma kwal ɗinta mai yawa yana kwance a Waterberg, yanki mai zafi da fari kusa da iyakar Botswana. Kamfanin lantarki na ƙasar, Eskom, ya fara gwajin sanyaya tururi da iska tun shekarun 1970 a injina biyu na tashar Grootvlei. Gwajin ya yi kyau, har aka yi ƙarfin halin faɗaɗa shi.

A 1981 aka fara gina Matimba kusa da garin Ellisras, wanda yanzu ake kira Lephalale, dab da mahaƙar kwal ta Grootegeluk. Injina shida ne, kowanne megawat 665, jimilla 3,990. Maimakon hasumiya, tururin yana fita kai tsaye cikin dubban bututun ƙarfe masu fiffike da aka jera a kan wani dandamali mai tsayi, a ƙarƙashinsu kuma fankoki 288, kowacce faɗinta ya haura mita 9, suna hura iska dare da rana. Ruwan yana kewayawa a rufe, ba ya haɗuwa da iskar waje. Da wannan dabara abin da tashar ke sha ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na tsohon tsari, wanda madatsar ruwa ta Mokolo ke iya ɗauka.

A lokaci guda aka gina tashar Kendal a Mpumalanga da wani salo. Can, ruwan da ya kwashe zafin tururi yana bi ta bututai a rufe cikin hasumiyoyi masu tsayin mita 165, iska na jan kanta sama ba tare da fanka ba.

Sai dai iska ba ta sanyaya kamar ruwa, kuma injiniyoyin sun san haka tun farko. Ginin ya fi tsada, fankokin suna cin wani kaso na wutar da aka samar, sannan ranar da zafin Lephalale ya tsananta ko iska ta kaɗo ta gefen da bai dace ba, dole a rage ƙarfin injinan. Duk da haka, zaɓin ya yi daidai: ruwan da aka yi tsiminsa, na mutanen gari ne da manoma da dabbobinsu.

Shi ya sa da aka zo gina tashar Medupi a 2007, kusa da Matimba, aka bi sawu ɗaya. Amma batun ruwa ya sake tasowa ta wata ƙofa. Bashin dala biliyan 3.75 da Bankin Duniya ya ba Eskom a 2010 ya zo da sharaɗin sanya na'urorin wanke hayaƙi daga sinadarin salfa mai cutar da huhu, kuma irin waɗanda aka zaɓa suna buƙatar ruwa mai yawa. Mokolo ita kaɗai ba za ta iya ba, don haka aka tsara janyo ruwa ta bututu daga Kogin Crocodile, aikin da jinkirinsa na cikin abubuwan da suka bar mutanen Lephalale suna shaƙar hayaƙin shekara da shekaru.